'Yar Tocila da Littafin Auta

Litinin, 3 ga wata, da hantsi

Auta ta iso jiya da akwati da ƙamshin turaren da ya cika mana tsakar gida. Ƙanwata ce, kuma na yi murna da zuwanta. Na rubuta wannan tun da wuri don kada gobe a ce ban yi murna ba.

Ta rungume ni ta ce na rame. To ina zan samo ƙiba? Tun da ciwon mantuwan nan ya kama Baba ni ke tashinsa, ni ke wanke zanin gadonsa, ni ke niƙa masa ƙwaya a cokali in haɗa da zuma don ya yarda ya haɗiye. Sannan in bar wa maƙwabciya amanarsa in ruga makaranta in koya wa 'ya'yan mutane lissafi da barci a idona. Ita kuwa tana can inda take aiki, sai dai waya: "Yaya, ya jikin Baba?" In ce da sauƙi. Me zan ce?

Ɗazu da na kai masa shayi ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Allah ya yi miki albarka." Haka yake kirana yanzu, da ladabi, yadda ake yi wa baƙuwa. Ba zan yi wannan maganar ba.

Talata, 4 ga wata, bayan la'asar

Tun daga ƙofar gida na jiyo muryar Baba sama. Na zata faɗuwa ya yi. Na shigo da gudu, takalmi ɗaya a hannu.

Suna ƙarƙashin rumfar mota. Tsohuwa, motar da Baba ya saya tun ba a haifi Auta ba, tana nan inda ta daɗe, tayoyinta sun kwanta, ƙura ta yi mata mayafi. An ɗage bonet an tokare shi da sanda. Baba, wanda ya yi rayuwarsa duka yana bakanike, yana tsaye ya dafa gefen inji. Auta ta kifa bokitin wankina ta zauna a kai da tsadaddiyar rigarta, da wani littafi a cinya. Tana karanta Turancin tana juya masa.

"Baba, ya ce in mota ta ƙi tashi, a jona mata kwamfuta ta faɗi ciwonta."

"Ƙarya!" in ji Baba. "Kwamfuta? Kunnensa fa, toshe masa aka yi? Wanda ya rubuta wannan bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ba."

Sai ya yi dariya. Rabona da dariyar nan har na manta yadda take fitowa, da 'yar tarin nan a ƙarshe.

Na daɗe tsaye da jakata a kafaɗa. Ba wanda ya waiwayo. Na wuce kicin na ɗora ruwa, kuma na ajiye murfin tukunyar da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Laraba, 5 ga wata, da safe

Ba kishi nake ba. Gajiya ce.

Alhamis, 6 ga wata, bayan magariba

Auta na wanka na ɗauki littafin na duba. Bangonsa a yage, takardarsa mai araha, wai a tasha ta saye shi wajen mai baza kaya a ƙasa, tsakanin cajar waya da faratun roba. Motocin da ke ciki duk na zamani ne, injinsu a rufe ruf da baƙar roba. Ko ni da ban san komai ba na ga babu abin da ya haɗa su da Tsohuwa.

Na same ta a kicin na ce, "Littafin nan naki ba na irin motar Baba ba ne."

Ta ce, "Mota ai mota ce, Yaya."

"Ki yi ta ɗura masa shirme a kai, ga abin da ke damunsa?"

Ta miƙo mini ludayi ta ce, "Ɗanɗana ki ji, gishiri ya yi?"

Yarinyar da ko sifana ba ta taɓa riƙewa ba, don kada baƙin mai ya shiga farcenta. Ni ce nake tsaya masa. Ina ƙarama in ya kawo aiki gida sai ya ɗora ni a kan bulo ya ba ni tocila in haska masa cikin inji. Hannuna ya gaji, hasken ya zame ya koma fuskarsa, ya daka mini tsawa: "Ke 'Yar Tocila, inji za ki haska ko idona?" Sunan ya bi ni. Har na yi aure, har auren ya ƙare na dawo gidan nan, bai taɓa kirana da wani suna ba.

Gishirin bai yi ba, amma na ce mata ya yi.

Asabar, 8 ga wata, da azahar

Ina shanya zanin gadonsa a igiya, bayana na wajensu, sai na ji ya ce, "'Yar Tocila, miƙo mini ƙaramar sifanar nan."

Wallahi na buɗe baki zan amsa. Na juyo da jiƙaƙƙen zani a hannu. Ba ni yake kallo ba.

Auta ta ce, "To, Baba." Ta miƙa masa.

To, Baba! Ko kunya. Ko ta ce masa ga mai sunan can tana yi maka wanki. Na ji kamar an mare ni a gaban ɗalibaina. Na gama shanyar, na matse abin da ba ya buƙatar matsa, na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Zan faɗa a nan tunda ba mai gani: na yi kuka, kuma na tsani ƙanwata yau tsana ta gaske.

In dai littafi ne, ni ce malama a gidan nan. Zan nemo na kirki, wanda ya dace da motar, in zauna a kan bokitina in karanta masa. Mu ga wanda zai kira.

Litinin, 10 ga wata, lokacin tara

Na duba ɗakin karatun makarantarmu. Abin da na samu littafin kimiyya ne mai hoton inji guda ɗaya, an yanka shi biyu kamar kankana, wani ɗalibi ma ya zana masa gashin baki.

Malamin kimiyya ya gan ni ya ce, "Malama, makanikanci za a koma? Wa ke neman littafi yanzu? Ki buɗe waya, bidiyo ya fi dubu."

Na ce masa Baba ba ya kallon waya, cewa yake mutanen ciki sun cika ƙanƙanta. Ya tambayi jikin nasa. Na ce da sauƙi.

Talata, 11 ga wata, bayan la'asar

Na je babban kantin littattafai mai sanyin nan da ƙofar gilashi. Yarinyar da ke tsaron wurin ta nuna mini wani lungu da tsinin biro, ba ta ko ɗago ba. Littattafai masu sheƙi, jajayen motoci, ba ɗigon mai ko ɗaya a hotunan, kai ka ce ba a taɓa tuƙa su ba. Ɗaya na tarihin tsere ne. Ɗaya kuma na injiniyoyi, cike da lissafin da ko ni sai na zauna da fensir. Ba wanda ya ce ga yadda za ka duba ruwa, ga yadda za ka cire taya.

Daga nan na wuce babban ɗakin karatu na gari. Matar da ke wurin mai kirki ce, ta duba ta ce suna da guda ɗaya mai kyau, amma wani ya ara tun tuni bai dawo da shi ba. "Irin waɗannan ba sa dawowa," in ji ta. "Ki gwada dattijon nan mai tsofaffin littattafai, bayan layin 'yan kayan gyara."

Na dawo ƙafafuna na zogi, na tarar an bar mini kwanuka. Su suna rumfa ana ta "Ƙarya!" ana dariya.

Alhamis, 13 ga wata, da yamma

Na sami shagon. Ɗan ƙurmusasshen ɗaki ne tsakanin mai walda da mai facin taya, littattafai har rufi, warin tsohuwar takarda ya gauraya da na giris. Dattijon yana da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare.

Na ce ina son littafin koyon gyaran mota, mafi kyau da yake da shi.

Ya ce, "Wace mota?"

Na faɗa masa kala.

Ya cire tabaran ya dube ni. "Malama, in kika je asibiti aka ce me ke damun mara lafiya, kalar rigarsa za ki faɗa?"

Raina ya sosu, amma na haɗiye. Ya jawo mini kujera ya yi mini bayani a natse. Wai littafin kirki na mota ɗaya ne, kamfaninta da shekararta da irin injinta, ba na duk motocin duniya ba. In duba hotuna, su zama na gaske, hannun mutum na riƙe da abin, ba zane kawai ba. Kowane aiki ya fara da jera kayan da za a buƙata, kuma ya faɗi inda ɗan koyo zai tsaya ya kira bakanike. "Littafin da bai taɓa ce miki ki dakata ba, ki ajiye shi, zai sa ki kwance abin da ba za ki iya ɗaurawa ba. Sannan in tsoho ne, ki duba gefensa. In kin ga baƙin yatsu, an yi aiki da shi. In fari ne fes, mai shi ya gwada ya jefar."

Ya ce in je in kwafo abin da ke rubuce a ɗan farantin ƙarfen da ke cikin bonet. Ya tambaye ni ni zan gyara? Na ce na babana ne. Bai ƙara tambaya ba, na kuwa gode masa a zuci.

Juma'a, 14 ga wata, bayan magariba

Farantin yana daidai inda Auta ke jingina gwiwar hannunta. Dole na ce ta matsa.

"Me za ki yi, Yaya?"

"Abin da ya dame ni."

Na sa yatsa na goge dattin ina kwafa. Baba ya ja baya ya ba ni wuri, ya ce, "Yi a hankali, baiwar Allah, kada ki ɓata kayanki." Sannan ya juya wajenta: "Ina muka tsaya? Me maƙaryacin ya ce kuma?"

Da yamma na kai wa dattijon. Ya ce zai tambaya wajen abokan sana'arsa, in leƙo mako mai zuwa.

Lahadi, 16 ga wata, da azahar

Auta ta ce yau ita za ta ba shi abinci in huta. Ya datse baki, ya kau da kai, ta yi lallashin duniya ya ƙi. Na karɓi cokalin, ya buɗe baki kamar kullum.

Ka ji rabon da aka yi a gidan nan. Cokali da wanki nawa, dariya da suna nata.

Litinin, 17 ga wata, da safe

Ba kishi nake ba. To ko kishin ne, wa ya fi ni haƙƙi?

Talata, 18 ga wata, bayan la'asar

An samu! Dattijon ya ciro shi daga ƙarƙashin tebur a naɗe cikin jarida. Ƙaton littafi ne mai nauyi, ga hoton Tsohuwa sak a bango, lokacin tana amarya. Gefensa baƙi ƙirin da yatsun wani bawan Allah, shafin birki ma har ya yi laushi don buɗawa. Kowane noti da hotonsa. Ga kafireta an baje ta gunduwa-gunduwa, ga lagireto, ga yadda ake duba fulogi a gane lafiyar inji daga kalar bakinsa.

Ya ce, "Wannan ba ya ƙarya, Malama. Ko makaho kika karanta wa zai gyara motar."

Na rungumo shi a ƙirji har gida, ina murmushi ni kaɗai a hanya. Na ɓoye shi a ƙarƙashin takardun jarrabawa. Na karanta babi biyu a ɗaki, na ja layi da fensir a wuraren da zan fara.

Laraba, 19 ga wata, da sassafe

Littafin Auta ya ɓace. Ta tambaye ni, na ce ban gan shi ba.

Laraba, bayan la'asar

Na dawo da wuri. Na yi wanka, na kifa bokitin na zauna. Auta ta tsaya jikin ginshiƙin rumfa ta naɗe hannu. Na nuna wa Baba bangon, ya shafa hoton da yatsa.

Na karanta: kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

Ya ce, "Haka ne."

A zare sandar awon baƙin mai, a goge, a mayar, a sake zarowa kafin a duba.

"Haka ne."

In za a cire batir a fara kwance baƙar waya kafin ja.

"Haka ne."

Na ƙara murya. Na juya Turancin da kyau, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, ba irin na wasu ba. Na wuce fulogi na shiga fanbel. Da na ɗago, ya zauna a kujerarsa, haɓarsa ta faɗa ƙirji, yana barci.

Ban dubi Auta ba. Ina jin idonta a ƙeyata.

Alhamis, 20 ga wata, da yamma

Na sake gwadawa, na zaɓi babin kafireta tunda ita ce gwanintarsa. Ya saurara kaɗan, ya miƙe ya ce, "Na gode, baiwar Allah. Karatunki ya yi kyau." Ya sauke bonet da kansa, a hankali, ya shiga ɗaki.

Me kuma ake so in yi? Littafin daidai yake. Kowace kalma daidai take.

Juma'a, 21 ga wata, da azahar

Bai fito ba yau. Ya juya wa ƙofa baya yana kallon bango. Cokali biyu ya karɓa ya ture hannuna. Na kira likita a waya, ya ce haka abin yake, wata rana sama wata rana ƙasa, in ci gaba da maganin.

Auta ta birkice gidan. Ta ɗaga katifu, ta leƙa bayan firji, har kwandon shara ta zazzage. Ta sake tambayata. Na ce ban gan shi ba, sau nawa zan faɗa?

Taliya na dafa. Jiya ma taliya. Ba na jin cin shinkafa kwanan nan.

Asabar, 22 ga wata, bayan azahar

Na dawo daga kasuwa na tarar da Auta a kicin ta kwance bakin buhun shinkafa. Littafin na kan tebur, ƙwayoyin shinkafa maƙale a tsakanin shafukansa. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Yaya, zauna."

Na ce ina da aiki.

"Zauna, don Allah."

Na zauna a kan turmi. Na riga ta magana, na zazzage mata duka. Na ce ta zo da turarenta da littafin tasha ta kwashe abin da na daɗe ina wahala a kai. Na ce ni ke goge abin da ba ta iya ko kallo. Na ce ta ji an kira sunana ta amsa ba kunya ba tsoron Allah.

Ta bari na gama, sannan ta ce, "Kin san dalilin da na sayi littafin nan? Tsoro. Ina cikin mota ina tunanin me zan ce masa in na zauna gabansa bai san ni ba. Na ga hoton inji na saya, ko dubawa ban yi ba. Ranar farko na karanta layi ɗaya ya ce ƙarya, na ga idonsa ya dawo. Yaya, ba karatun yake so ba. So yake ya gyara wa mutum. Rabin abin da kike ji ina karantawa ma babu shi a ciki, ni ke ƙirƙira. Rannan na ce masa a wanke fulogi da sabulu, ya kusa dukana don daɗi."

Na tuna "haka ne, haka ne" ɗin nan. Na yi yawon gari na nemo masa littafin da bai bar masa abin faɗa ba.

Na ce, "Sunan fa?"

A nan muryarta ta karye. "Ke kina ganin daɗi nake ji? Tun da na zo bai ce Auta ba, ko da kuskure. In ya dube ni ke yake gani. Ke yake yi wa dariya, ke yake yi wa faɗa. In na ba shi abinci ya rufe baki, ke kina zuwa ya buɗe. Kin samu hannu biyu, Yaya, kina kuma hararata. Ni me na samu? Aron sunanki nake don in zauna kusa da ubana."

Na ɗauki littafin ina kakkaɓe shinkafar ɗaya bayan ɗaya. Ta ce hutunta ya ƙare, jibi za ta koma.

Lahadi, 23 ga wata, da hantsi

Auta ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ta buɗe littafin ta ce da ƙarfi, "Baba, maƙaryacin nan ya dawo. Wai a ɗaure fanbel tam har ya ƙi motsi."

Can sai muka ji gado ya yi ƙara. "Wa ya ce?"

Ya fito da hula a karkace, ya ɗage bonet da kansa. "Tam? Ya kashe wa mutane mota? Dannawa ake da babban yatsa, ya ɗan lotsa. Zo ki gani. Kai, duhu. Ina haske?"

Auta ba ta ɗago daga littafin ba. Ta zaro tocila daga aljihunta ta miƙo ta gefe, inda nake tsaye da kwandon wanki.

Na ajiye kwandon. Na tsaya a gefensa na haska. Yana ta bayani, yatsansa a kan fanbel, warin tsohon mai na tasowa. Ba zan ce da gangan na yi ba, ba kuma zan rantse ba. Hasken ya zame ya hau fuskarsa.

"Ke 'Yar Tocila! Inji za ki haska ko idona?"

Ya kare ido da hannu, ya juyo, ya dube ni. Ni ya duba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya kai yatsa mai baƙin mai ya taɓa gefen kaina inda ɗankwali ya zame. "Yaushe kika yi furfura?"

Na ce, "An ɗan jima, Baba."

"To riƙe da kyau. Har yanzu ba ki iya ba."

Daɗin da na ji ba zan iya rubuta shi ba. Kuma tunda na yi alkawarin gaskiya a nan, har da wani ɗan mugun daɗi a ciki, na wadda ta ci gasa.

Sai ya waiga ya ga Auta a kan bokiti. Ya rage murya ya ce mini, "Wannan baiwar Allah fa? Baƙuwa muka yi?"

Na ga fuskar ƙanwata. Na san fuskar, na daɗe ina ganinta a madubi. Na ce, "Baba, Auta ce. Autarka."

Ya gyaɗa mata kai da ladabi. "Sannu da zuwa."

Ta yi murmushi ta ce, "Yawwa, Baba. In ci gaba?" Ta ci gaba da karatun har ƙarshen shafi, muryarta ba ta yi rawa ba. Ni ce na kasa riƙe tocilar.

Litinin, 24 ga wata, da safe

Na raka ta tasha, ni na ɗaukar mata akwati. Ta bar littafin a kan bokiti. Na ce ta tafi da nawa mai nauyin, ko motar ofishinsu za ta lalace. Ta ce Allah ya kiyaye ta da littafi mai gaskiya. Muka yi dariya, muka kuma rungume juna har direba ya yi mana hon.

Na dawo gidan ba ƙamshin turare. Da na kai masa shayi ya ce, "Sannu, baiwar Allah." Na ce yawwa.

Talata, 25 ga wata, bayan la'asar

Na gwada karanta masa ƙarya. Ban iya ba. Shekara da shekaru ina jan biro ja a kan kuskure, bakina ya ƙi. Ya dube ni ya ce ba haka ake karanta shi ba.

Laraba, 26 ga wata, da yamma

Ya fito da kansa ya tsaya gaban Tsohuwa. Ya dubi bokitin, ya dubi ƙofar gida, ya sake duban bokitin. Ya ce, "Ina yarinyar nan mai karanto mini shirme? Ta yi fushi ne?"

Wani abu ya ɗan soke ni, tsohon abin nan. Na bar shi ya wuce, na kira ta a waya.

Na ce, "Baba na nemanki. Ya ce ina Auta."

Ina jin hayaniyar ofishinsu a baya. Sannan ta ce, "Haka ya ce? Auta?"

"Haka ya ce."

"Yaya," in ji ta, tana jan hanci, "ashe kin fara iyawa."

Na ce ta rufe mini baki ta yi aikinta. Na ƙara wa wayar murya, na ɗora ta a gefen inji, na kunna tocila.

"Baba," in ji Auta daga can, "wai in man birki ya ƙare a zuba na girki."

Baba ya tura hula gaba, ya naɗe hannun riga.